Kafin a ce a yi mata formate

A lakwal ɗinmu, duk abin da ke da waya a jikinsa ni ake kira in ya lalace. Lissafi nake koyarwa, daga ajin farko na kwaleji har ajin ƴan BEPC, ban taɓa zama ajin koyon kwamfuta ba. Amma a wajen darakta wanda ya iya lissafi ya iya inji, saboda haka fanka in ta tsaya ni ne, na'urar buga takarda in ta cinye takarda ni ne, har rediyon mai gadi an taɓa kawo mini. Sarauta ce da ba a naɗa ni ba, na karɓa, kuma in faɗi gaskiya tana yi mini daɗi. Wannan daɗin yana cikin abin da ya ja ni ga ɓarnar da zan ba ku labari.

Muna da ɗaki guda mai kwamfuta takwas, sai ta tara a ofishin sakatare. Duka okaziyon ne, irin na ofis da suka gama aikinsu a Turai kafin su iso gare mu, kowace da Windows 7 ta Faransanci a kanta. Kowace shekara in za a tafi babban hutu mukan zare wayoyinsu daga bango saboda tsawar damina, mu lulluɓe su da tsofaffin zannuwa, mu kulle ɗakin wata uku. A farkon Oktoba na shekarar da nake magana a kai muka buɗe, muka kakkaɓe ƙura, muka kunna. Shida suka tashi lafiya. Biyu a ɗakin yara suka ƙi, ta ofis ma ta ƙi.

Ƙin nasu iri ɗaya ne. Ka danna maɓalli, baƙin allo ya fito da layi biyu na Ingilishi, a ƙarshensu an ce a danna F1. Ban karanta sauran ba, na danna. Tambarin Windows ya fara haɗuwa, ƴan ƙwallayen nan masu launi huɗu suka taso, kafin su gama haɗuwa sai allo ya yi shuɗi na ƙiftawar ido, injin ya mutu, ya sake tashi da kansa. Ya tambaye ka ko ya gyara kansa, ka ce i, ya daɗe yana juyi, ya dawo ya ce bai iya ba. Ka sake kunnawa, ya sake zagayowa wuri guda kamar akuya a turke.

Na buga wa mai gyaran da muka saba da shi a kasuwa. Bai bari na gama bayani ba. Ya ce, "Mushe, Windows ɗin ce ta lalace, ko birus ya cinye ta. Ka yi mata formate kawai ka zuba sabuwa." Ina da faifan Windows 7 a aljihun tebur. Da la'asar na fara da wadda ke kusa da taga. Na share diski kaf, na zuba sabuwa, kafin magariba ta tashi tas kamar yau aka sayo ta. Na je na shaida wa darakta da ɗan alfahari.

Washegari da safe madam mai koyar da kimiyyar halittu ta same ni a ƙofar aji. Ta ce, "Mushe, na ga an gyara ta wajen taga, sannu da ƙoƙari. Amma ban ga dosiyena ba. Ina ka mayar da shi?"

Ba ta da kwamfuta a gida. Shekara uku tana tsayawa bayan an tashi, tana buga darussanta da tambayoyin jarrabawa aji-aji, har da zanen ƙwayar halitta da na zuciya da ta yi da hannunta da linzamin kwamfuta, wanda duk wanda ya taɓa gwadawa ya san wahalarsa. Na san a kan wannan injin take zama. Ban san iyakar sau nawa na wuce na gan ta a wurin ba. Ban tambaye ta ba, don a raina abin da ke cikin injin da ba ya tashi ya riga ya mutu, babu abin tambaya. Na gaya mata abin da na yi. Ta yi shiru, ta gyara mayafinta, ta ce, "Ba komai, Mushe. Haka Allah ya so." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A ranar nan darakta ya kira ni ya ce tunda magani ya ci, in yi wa ta ofis irinsa, aiki ya tsaya. Na tambayi sakatare abin da ke cikinta, tambayar da ya kamata in yi jiya. Jerin sunayen ɗalibai ne, da makinsu na shekarun baya, da hotunan takardun haihuwa da aka ɗauka don haɗa dosiyen ƴan BEPC. Malaman da suka taɓa haɗa wannan dosiye sun san abin da nake nufi. Wasu takardun daga ƙauyuka aka kawo su, aka ɗauki hotonsu, aka mayar wa iyaye. Wasu yaran ba a yi musu takarda lokacin haihuwa ba, sai da iyayensu suka yi ta zirga-zirga zuwa kotu kafin su samu. A ce a sake tattaro su a watan Oktoba, ana tsakiyar yankan gero, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba kowace za a sake samu ba. Kile ɗin da sakatare yake ajiye kwafi a ciki ya ɓace tun bara. Na ce, "Yallaɓai, a ba ni kwana biyu." Ya dube ni kamar mai mamakin abin da ya canza tsakanin jiya da yau, ya ce to.

Abu na farko da na yi shi ne abin da ba ya buƙatar ilimi, sai sukurdireba. Na buɗe akwatin, na cire diskin ta ofis, na jona shi a cikin ɗaya daga masu lafiya a matsayin diski na biyu. Na kunna. Ga komai nan, kowace takarda a mazauninta, babu ko ɗaya da ta ƙi buɗewa. Na kwashe su zuwa wuri biyu. Sakatare yana ta hamdala, ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa, don in diskin ta ofis lafiyarsa ƙalau, to na madam ma lafiyarsa ƙalau jiya da la'asar, kafin in sa masa hannu. Rabin awa ya isa in kwashe mata aikinta.

Na mayar da diskin wurinsa, na koma kan shuɗin allon da ba ya tsayawa a karanta. A Windows 7, in ka dinga danna F8 tun kafin tambari ya fito, za ta ba ka jerin zaɓi, a cikinsu akwai wanda ke hana ta sake tashi da kanta in ta faɗi. Na zaɓe shi. Shuɗin allo ya fito ya tsaya. Can ƙasa aka rubuta STOP: 0x0000007B. Na kwafe lambar a bayan kaye, na bincika a waya. Ma'anarta ita ce Windows ta fara tashi, sannan ta kasa isa ga diskin da take tashi daga kansa. Windows 10 ma takan rubuta shi da kalmomi: INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE.

Wannan ya ɗaure mini kai. Tambarin da na gani yana haɗuwa daga diskin aka karanto shi. Ta yaya za ka sha ruwa daga rijiya, sannan ka ce ba ka san hanyar rijiyar ba? Na kwana biyu ina karatu da dare kafin abin ya zauna mini, kuma zan faɗe shi yadda na fahimta.

Windows ba ta magana da diski kai tsaye. Tsakaninsu akwai wani ɗan guntu a kan babban allon injin, shi ne mai kula da shige da ficen duk abin da ake rubutawa ko karantawa. A daƙiƙun farko bayan ka kunna, BIOS ce, wato ɗan tsarin da ke cikin injin tun daga masana'anta, take karanto wa Windows abin da take buƙata. Daga nan sai BIOS ta janye hannu, Windows ta ci gaba da kanta. A wannan gaɓar dole ta kasance tana riƙe da ɗan shirin da ya san yadda ake magana da mai kula da diskin, abin da masu gyara ke kira pilot. Ni tafinta nake ce masa, don aikinsa ke nan.

Shi kuma mai kula da diskin, a irin injinanmu, harshe biyu ya iya. Akwai tsoho, IDE, akwai sabo, AHCI. Dalilin haka tarihi ne. Windows XP ta fito a 2001, diski mai siririyar wayar SATA ya zo a 2003, kamfanin Intel kuma ya fitar da tsarin AHCI bayan haka. Faifan XP bai zo da tafintan AHCI ba. Mai son zuba XP a kan sabon tsarin sai ya danna F6 a farkon aiki ya sa tafintan daga disket, ga shi kuma sabbin injina da yawa ba su da ramin disket. Sai masu ƙera kwamfuta suka sa zaɓi a cikin BIOS wanda zai sa sabon guntun ya yi shigar tsoho, ya yi magana da IDE. Duk mai gyaran da ya yi zamanin XP ya san wannan dabara. Ina kyautata zaton haka aka yi wa namu tun kafin su zo hannunmu, daga baya aka zuba musu Windows 7 aka bar su a kan IDE.

Windows 7, wadda ta fito a 2009, ta iya harsunan biyu. Tana da tafintan AHCI, sunansa msahci. Sai dai a ranar da ake zuba ta takan duba harshen da ta tarar, ta sa tafintan wannan harshen a cikin waɗanda za su tashi tare da ita, ta bar ɗayan yana barci. In aka wayi gari harshe ya canza, tafintan da ake buƙata yana nan, amma a cikin diski yake kwance, diskin kuma shi ne ba a iya buɗewa sai da shi. Makulli ne aka kulle a cikin ɗaki. Windows ba ta da abin yi sai ta tsaya ta nuna 7B.

Saura tambaya guda: wa ya canza harshen? Ɗakin a kulle yake wata uku, makulli a hannuna. Allah ya gafarta mini, har yaran mai gadi na zarga a raina.

Amsar daga wajen wata yarinya ƴar ajin BEPC ta fito. Ina kan ta ukun, wadda ta rage a ɗakin yara, su huɗu suna tsaye a bayana suna jira in ba su wuri. Na kunna, baƙin allo ya fito, yatsana ya nufi F1. Ta ce, "Mushe, tsaya. Tana cewa ba a saita rana da lokaci ba." Ingilishin da ake koya musu tun ajin farko ta karanta da shi. Ni kwana uku ina tsallake layin nan kamar gaisuwar hanya. Na shiga BIOS. Kwanan wata ya koma Janairu na wata shekara da yarinyar nan ko firamare ba ta shiga ba. Na nemo wurin da aka rubuta SATA, na ga AHCI. Na tashi na je kan ɗaya daga masu lafiya na duba wuri guda, na ga IDE. Na dawo na mayar da marar lafiyar kan IDE, na adana, na kunna. Ƙwallayen nan huɗu suka taso, suka haɗu, ta buɗe. Minti ɗaya bai cika ba. Na wuce ofis na yi wa ta sakatare haka, ita ma ta tashi.

A kan babban allon kowace kwamfutar tebur akwai batir guda, fil ɗin nan mai kama da kwabo, CR2032. Sunansa awonsa ne, faɗi milimita 20, kauri milimita 3,2, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe agogo da abin da aka zaɓa a BIOS. Muddin wayar injin tana jikin bango kuma akwai wuta, ko a kashe take, ba a cika jan batirin ba. In aka zare waya shi kaɗai ke ɗauke da nauyin. Namu sun riga sun tsufa, ga zafin da suke sha kowace bazara, sai muka ɗora musu wata uku babu wuta. Uku suka ƙare. Da suka ƙare BIOS ta manta abin da aka gaya mata, ta koma yadda ta fito daga masana'anta, wato AHCI. Tsoron tsawar da ya sa muke zare waya daidai ne, kuma bana ma mun zare. Batirin ne ba mu san da shi ba. A wajen mai sayar da agogo na same shi, bai kai jika ɗaya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne formate ɗin da na yi wa ta madam ya yi aiki. Dole ya yi aiki, don sabuwar Windows ta tarar da AHCI, ta tashi tafintan AHCI, komai ya daidaita. Saboda haka wanda ya ce Windows ce ta lalace sai ya ga kamar ya yi gaskiya, mai kwamfuta ya biya yana godiya, babu wanda zai taɓa sanin cewa rumbu aka ƙona don a kashe ɓera. Da ta ofis ba ta da takardun da suka tsoratar da ni, da ita ma na share ta, da har yau ina ba da labarin yadda na gyara kwamfuta uku a kwana biyu.

Na koma kasuwa na gaya wa mai gyaran abin da na gano. Ya yi dariya, ya ce ya san zancen IDE tun zamanin XP, bai dai kawo shi a ransa ba a waya. Sannan ya ce, "Mushe, in mutum ya kawo mini inji na danna abu ɗaya a minti ɗaya na ce ya biya ni, zai biya? Amma in ya ga na yi awa biyu ina zuba Windows, ba ya musu." Ban ga laifinsa sosai ba. Mu ne muke biyan tsawon zama, ba ma biyan gane cuta. Kuma ba shi ya riƙe faifan ba, ni ne.

Na sayi batir tara na canza musu duka. Sannan na yi wani abu don kada mu sake dogara da batir. A Windows 7, tun tana kan IDE tana aiki, za ka iya buɗe regedit, ka bi HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\msahci, ka mayar da lambar Start daga 3 zuwa 0. Wannan shi ne tashin tafintan da ke barci. Sai ka kashe, ka shiga BIOS ka sa AHCI, ka kunna. Yanzu ko batir ya sake mutuwa, inda BIOS za ta koma can Windows take jira. A Windows 10 sunan tafintan storahci, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka sa ta tashi sau ɗaya a yanayin kariya, wanda allon Faransanci ke kira mode sans échec, a daidai tashin da ka canza zaɓin, daga nan ta gane da kanta. Wanda bai saba da regedit ba kada ya taɓa komai a ciki sai wannan layin guda. Na san Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020. Injinanmu ba sa kan intanet, kuma abin da suke iya ɗauka ke nan.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka duk shuɗin allo batir ne, ko duk 7B harshe ne ya canza. Diski yana mutuwa da gaske. In ka shiga BIOS ba ka ga sunan diskin ba sam, ko kana jin yana ƙas-ƙas kamar agogon bango, wannan wata cuta ce, kuma yawan kunnawa ƙara mata yake yi. Lambar 7B takan fito kuma in aka cire diski daga wani inji aka sa a wani daban ana so ya tashi daga kansa, dalilin dai guda ne, tafintan da ya zo da shi ba na gidan ba ne. Shiga BIOS a yawancin Dell da F2 ne, a HP da F10, a wasu da maɓallin Suppr. Tsohon harshen wani wuri IDE ake rubuta shi, wani wuri ATA, ko Legacy, ko Compatible. Sauya tsakanin IDE da AHCI ba ya share komai a diski, in bai yi ba sai ka mayar. Ka dai ɗauki hoton allon da waya kafin ka taɓa. In ka ga an rubuta RAID kuma injin yana da diski biyu, ka dakata ka nemi wanda ya sani.

Iyayen da suka saya wa ɗansu na jami'a sabuwar kwamfutar hannu ma abin bai bar su ba, ya dai canza riga. Da yawa daga masu Intel na ƙarni na 11 zuwa sama suna zuwa da wani tsari da ake kira VMD a kunne. In aka zo zuba Windows daga kile, sai a iso inda ake zaɓen diski a ga wurin fayau, babu komai. Diskin yana nan lafiya, tafintan Intel RST ne babu a cikin kile ɗin. Kafin a ce muku diski ya ƙone a sayi wani, ku sa a duba wannan. Sai dai sabbin injinan sukan zo da diski a kulle da BitLocker, kuma taɓa BIOS na iya sa su nemi makulli mai lamba 48, don haka a tabbatar makullin yana hannu tukuna.

Aikin madam kuwa, na cire diskinta tun ranar da na gane, na hana kowa amfani da injin. Na bi shi da wani shiri na kyauta mai suna PhotoRec, wanda ke tono abin da aka share muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba. Sabuwar Windows da na zuba ta riga ta taka wani sashe. Abin da ya fito ya fito babu suna, babu dosiye, sai harafin f da dogayen lambobi, ɗaruruwa, haɗe da tarkacen da ba nata ba. Na yi dare huɗu ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na samo mata darussan aji biyu kusan cikakku, da tambayoyin jarrabawa masu dama. Na ajin BEPC, wanda ta fi wahala a kansa, rabinsa ya tafi. Zanen zuciyar ya fito, amma daga tsakiya zuwa ƙasa toka-toka ne.

Na sayi kile sabo na zuba mata, na kai mata a ɗakin malamai. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, har ta sa ni jin kunya. Ta tambaye ni ko yanzu za ta iya komawa kan ta wajen taga. Na ce za ta iya. Ranar Litinin bayan an tashi na wuce ta ƙofar ɗakin, na gan ta zaune da tsohon kaye a buɗe a gefenta, kile ɗin a jikin injin, tana sake buga darasin farko na ajin BEPC da yatsa biyu.